Ƙungiyar Rediyon Masu Sha'awa da Aikin Gayya a Birnin Kano

Rediyon masu sha'awa hanya ce ta sadarwa da mutum yakan karɓi lasisi ya yi magana da 'yan uwansa ta iska, don koyo da taimakon jama'a, ba don neman kuɗi ba. Ba gidan rediyo ba ne: ba a sa kiɗa, ba a talla, ba a ɓoye saƙo da lambobin sirri. Kowane mai lasisi yana da lambar kira, kuma lambobin Nijeriya kan fara da 5N. Ƙungiyar duniya ta wannan harka, IARU, an kafa ta a Faris ranar 18 ga Afrilu, 1925, shi ya sa ake bikin ranarta duk 18 ga Afrilu. A rabon da aka yi wa duniya don harkar rediyo, Nijeriya tana yanki na ɗaya tare da sauran Afirka da Turai.

Ƙungiyar gari ita ce masu lasisi da ɗalibansu da ke haɗa kai su kafa tasha ɗaya, su koyar da sababbi, su kuma sa rana da lokacin da kowa zai hau layi a ji muryarsa. Wannan haɗuwa ta mako-mako ita ce jigon aikin, domin na'urar da aka ajiye sai ranar gobara ko ambaliya, ranar ce za a tarar batirinta ya mutu.

A cikin gari oba-oba ta zangon mita 2 ake riƙewa, tsakanin megahaz 144 da 146 (mita a nan tsawon igiyar rediyo ne, ba nisan da murya ke kaiwa ba). Ƙarfinta wat 5 ne, kuma a lungunan cikin badala ko rumfunan kwano na Kantin Kwari da Sabon Gari ba ta yin nisa. Maganin haka na'urar maimaita murya ce a wuri mai tudu: tana karɓa a kan zango ɗaya, ta sake watsawa a kan wani mai tazarar kilohaz 600. A Kano, tsayi irin na Dala da Goron Dutse ko doguwar hasumiya shi ake nema. Da wannan za a iya haɗa masu agaji da motar asibiti a taro mai cunkoso kamar Hawan Daushe, lokacin da layin waya kan cushe.

Don isa ƙananan hukumomi na nesa kuwa, sai gajeren zango: mita 40 da rana, mita 80 da dare. Kilohaz 7110 da 3760 su ne inda ake taruwa in an shiga halin gaggawa a wannan yanki. Eriyar ba abin a zo a gani ba ce, waya ce kawai. A raba 143 da lambar megahaz, abin da ya fito shi ne tsawonta a mita, a 7.1 ya kama mita 20 da 'yan kai, goma kowane ɓangare, da kebul mai om 50 a tsakiya. Abin da kan ba sabon shiga mamaki shi ne a nan ba a son ta yi sama sosai. In ta tsaya a tsayin mita 4 zuwa 6 daga ƙasa, saƙon kan miƙe sama ya dawo ya rufe garuruwan kewaye. Kafin a danna makirfo a auna SWR, wato ma'aunin yadda eriya ta dace da na'ura. In ya wuce 2, na'urar kan rage ƙarfinta da kanta, kuma yawanci tsawon waya ne bai daidaita ba ko ruwa ya shiga kan kebul.

Wuta ita ce babbar matsala. Na'ura mai wat 100 tana cin wajen amfiya 20 a kan bolt 13.8 yayin magana, ɗaya zuwa biyu yayin sauraro. Batirin dalma mai amfiya-awa 100 rabinsa kawai ake sha in ana so ya daɗe, don haka ana haɗa shi da farantin sola. Inbata mai araha da cajar waya ta jabu kan cika zangon da hayaniya har murya mai rauni ta ɓace. Gara a ɗauki wuta kai tsaye daga batiri, da fiyus kusa da kansa.

Da hunturu busasshiyar iska da ƙura kan tara caji a jikin eriya, sai a ji tas-tas a lasifika. Da damina tsawa ce abin tsoro: da zarar hadari ya haɗu a zare kebul daga na'ura, ko da an kafa ƙarfen ƙasa.

Saƙon agaji ana rubuta shi ne kafin a faɗa: wuri, lokaci, adadin mutane, abin da ake buƙata. Mai karɓa ya maimaita shi kalma-kalma, sannan ya miƙa wa SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha, ko 'yan kwana-kwana, su ne masu yanke hukuncin abin da za a yi.