Tsofaffin kekunan doguwar tafiya na Japan: tambayoyi da amsoshi

Wane irin keke ake nufi?

Keken da aka ƙera don mutum ya ɗaura tanti da tukunya da tufafi, ya yi kwana da kwanaki yana cin hanya. Firam ɗinsa na ƙarfe ne, an ɗan tsawaita bayansa don kada diddige ya riƙa bugun jakar kaya, kuma akwai ramukan ɗaura kariya da madigadi gaba da baya. A wurin feda faranti uku ne, ƙaramin cikinsu na hawan dutse da lodi. Zamanin da Japan ta fi shahara da su bai wuce daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980 ba.

A ina Japanawa suka koyi wannan sana'a?

A maƙera. Eisuke Miyata maƙerin bindiga ne kafin ya koma keke a farkon shekarun 1890, kuma wanda ya iya bakin bindiga bututun firam ba zai gagare shi ba. Garin Sakai da ke kusa da Osaka ya daɗe da suna wajen wuƙaƙe da bindigogi, kuma a nan aka kafa kamfanin Maeda, mai kayan keke na SunTour, a 1912, sannan Shozaburo Shimano ya buɗe nasa a 1921 yana ƙera firiwil.

Fasalin keken tafiyar kuwa daga Faransa suka ɗauko shi. Ƙananan shaguna irin su Toei sun yi ta nazarin aikin maƙeran keke na Faransa, René Herse da Alex Singer, har suka ƙware. Suka kuma ƙara nasu: da yake a Japan sai an sa keke cikin jaka kafin a shiga jirgin ƙasa da shi, sai suka riƙa ƙera wanda ake warwarewa cikin ɗan lokaci a tasha.

To me ya kai su Amurka?

Kasuwa ta buɗe, Turai ta kasa cika ta. A farkon shekarun 1970 Amurkawa sun rufta wa keke, har aka sayar da kusan miliyan 15 a 1973. A 1976 kimanin mutum 4,000 suka shiga tafiyar Bikecentennial ta ratsa ƙasar, doguwar tafiya a keke ta zama abin yayi. Kuɗin Japan yana da arha a lokacin: har zuwa 1971 dala ɗaya yen 360 ce.

Wasu kekunan sun shigo da sunan masu su, kamar Miyata da Fuji da Panasonic. Wasu kuma sunan ne kawai na ɗan kasuwar Amurka, aikin na Japan: Nishiki na masana'antar Kawamura ne, haka Centurion da Univega da Specialized Expedition duk can aka yi su. Har Schwinn, mai alfahari da ƙirar Shikago, ta sa aka yi mata Le Tour a Japan. Wanda masu tara kekuna suka fi ambata shi ne Miyata 1000, kuma ba banza ba, domin Miyata da kanta take zare bututunta, mai kauri a baki inda ake haɗi, siriri a tsakiya.

Ana cewa SunTour ta fi Shimano a da. Gaskiya ne?

A wajen canjin giya, ƙwarai kuwa. Haƙoran giyar baya a jere suke daga babba zuwa ƙarami. Tsofaffin na'urorin canji na Turai suna tura sarƙa gefe ne a miƙe, saboda haka 'yar tayar da ke jagorantar sarƙa takan matso dab da babban haƙori, ta yi nesa da ƙarami. Mahayi yana kan hawa da kaya, ya ja liba, sai ƙara ta tashi, sarƙa ta yi ta dirzar haƙori kafin ta faɗa. A 1964 injiniyan Maeda, Nobuo Ozaki, ya karkata na'urar yadda za ta bi gangaren haƙoran, tazarar ta kasance kusan ɗaya a kowace giya. Canjin giya ya koma nan take.

Kamfanin ya yi rajistar ƙirar, ba wanda ya iya kwaikwayonta tsawon shekara 20. Abin mamaki, bai tsauwala farashi ba. Na'urar canjinsa mai araha, V-GT, ta fi kayan tafiya na kamfanin Campagnolo na Italiya aiki nesa ba kusa ba, amma mutane da yawa suka ɗauka arha alamar rashin inganci ce. A ganina nan SunTour ta cuci kanta, domin ba ta tara kuɗin bincike kamar abokiyar hamayyarta ba.

Rajistar ta ƙare a 1984. A wannan shekarar Shimano ta fito da tsarin SIS a kan kayanta na tsere, Dura-Ace, inda liba ke yin "ƙas" sau ɗaya giya ta shiga daidai, kuma ta haɗa da karkatacciyar ƙirar Ozaki. Irin wannan tsari na SunTour, AccuShift, ya zo a makare, bai kuma yi aiki da kyau da kayan wasu kamfanoni ba. Kafin tsakiyar shekarun 1990 tsohuwar SunTour ta watse. Sunan ya rage a SR Suntour, wadda aka fi sani yau da fok mai sifirin.

Sauran kayan fa?

Kowane da gwaninsa: bututu daga Tange ko Ishiwata, farantin feda daga Sugino, birki Dia-Compe, kan keke da kariya Nitto, feda MKS, rim Araya. Nitto da MKS da Sugino suna nan suna aiki har gobe.

Me ya kawo ƙarshen zamanin?

Yarjejeniyar Plaza ta Satumban 1985, wadda manyan ƙasashe suka ƙulla don rage darajar dala. Dala ta sauko daga wajen yen 240 zuwa kusan 120 cikin shekara biyu da 'yan watanni, keken Japan ya yi tsada a waje, odar ta koma Taiwan wajen irin su Giant. A daidai lokacin keken hawan dutse ya kwashe masu saye. Samfurin Deore na Shimano ma kayan keken tafiya ne tun asali, kafin a mayar da shi na dutse. Bridgestone ta rufe reshen kekenta na Amurka a 1994.

Idan na ci karo da ɗaya a wajen masu kekunan hannu, me zan duba?

Galibin kekunan Japan da ke isowa kasuwanninmu na cefane ne masu kwando, don haka a fara neman faranti uku da ramukan kariya a fok. Sai a kwance sandar sirdi a ga ko tana motsi, domin alminiyam yakan manne da ƙarfe idan ya shekara ba giris. A shafa ƙarƙashin bututu kusa da wuya: ƙumburi ko tsagewar fenti alamar an taɓa karo da shi ne. Sannan a karanta gefen taya. Yawancin waɗanda aka yi wa Amurka inci 27 ne, wato milimita 630, kuma tayar 700C mai milimita 622 ba za ta hau rim ɗin ba, komai ƙoƙarin mai gyara.