Rigakafin kai a ƙasar Sakkwato

Rigakafin kai shi ne abubuwan da mutum ke yi da kanshi, ko ya sa iyalinshi su yi, don kar cuta ta kama su, in ma ta kama a gano ta tun ba ta yi nisa ba. Ya haɗa tsaftar jiki da ta gida, da abin da ake ci da sha, da kwana cikin gidan sauro, da kai yara allura, da zuwa awo ko da mutum yana jin garau. A Sakkwato da kewaye yanayi ne ke tsara abin, sankarau da ƙyanda lokacin zafi, sauro da amai da gudawa da damina, tari da mura da hunturu. Karin maganar nan rigakafi ya fi magani kowa ya san ta, amma galibi sai ciwo ya kada mutum ake tunawa da ita.

Kafin zuwan Turawa

Masu ɗauka cewa asibiti ne ya kawo zancen rigakafi ƙasar nan ba su duba rubuce-rubucen malaman jihadi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, duk da yaƙe-yaƙe da gina ribaɗoɗi sai da ya samu lokaci ya yi rubutu da dama kan magani da Larabci, akwai wanda ya yi kan basur, akwai na ciwon ido, akwai na amfanin ganyen filasko, ga kuma na magungunan da sunka zo cikin hadisi. Baffanshi Abdullahi na Gwandu ma ya yi littafin Masalihul Insan, wanda ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki wuri guda. Tushen da sunka ɗebo shi ne hadisai da kuma ilimin likitancin Larabawa, wanda ke ganin lafiya daidaito ce tsakanin zafi da sanyi da danshi da bushewa cikin jiki, shi ya sa nauyin yake komawa kan mutum kanshi, me ya ci, nawa ya ci, yaushe ya kwanta. Har yau in tsoho ya ce maka sanyi ne ya kama ka, ko zafi ya yi maka yawa, da wannan tunanin yake magana.

Hujjojin da malamai ke kawowa sanannu ne. Akwai hadisin da ya ce a raba ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi. Akwai na annoba, in kun ji ta a wani gari kar ku shiga, in kuma ta same ku ciki kar ku fita. Akwai labarin Sayyidina Umar da ya juyo daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce mishi gudun ƙaddara za ka yi, ya ce daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sai asuwaki da alwala da wankan Juma'a da yanke farce, waɗanda mutane ke yi don lada, lafiyar kuma ta zo a bagas.

Bello kam da gaske yake son abin. Da wani Bature mai yawon binciken ƙasa, Kilafatan (Clapperton), ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Sarkin Musulmi ya roƙa a aiko mishi daga Ingila har da likita. Shi Baturen ya dawo karo na biyu, ciwo ya kama shi, ya mutu nan kusa da Sakkwato a watan Afrilu 1827.

Ban da malamai akwai wanzamai masu ƙaho da kaciya da cire beli, da unguwarzoma, da masu saiwa da sassaƙe. Dauri da ake jiƙa wa jarirai da sabara da maɗaci duk da sunan tsari daga cuta ake shan su. A wasu sassan ƙasar Hausa da maƙwabta an ma san dabarar tsaga fatar mai lafiya a shafa ruwan ƙurjin agana don ta yi mishi da sauƙi ya huta, dabara ce mai haɗari don wani lokaci ita ke tada annobar.

Zamanin duba-gari da lamba

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris 1903, kuma sannu a hankali tsafta ta tashi daga abin da mutum ke yi don kanshi ta koma abin da hukuma ke tilastawa. Ƙarƙashin En'e anka samu duba-gari, ma'aikaci ne da zai shigo gida ya leƙa randa ya ga ko akwai tsutsar sauro, ya duba masai da kwata, in bai gamsu ba a ci maigida tara. Tsofaffi na ba da labarin yadda mata ke rige-rigen zubar da ruwan randa da an ce ga shi nan tafe. Haka lamba, wato tsagar rigakafin agana a dantse, akwai garuruwan da ake ɓoye yara in masu lamba sun iso. Babban gangamin kawar da agana ya fara wajen 1967, a Najeriya an daina ganinta daga 1970, duniya kuma anka tabbatar ta rabu da ita a 1980. Duk wanda ya manyanta ka duba dantsenshi za ka ga tabon.

Tsaftar gari ta wata-wata ranar Asabar ta samo asali ne daga mulkin soja na 1984 zuwa 1985.

Kurkunu ya fi kowace cuta nuna ƙarfin abin da mutum ke yi da hannunshi, don shi ba allura gare shi ba, ba ƙwaya. Wajen 1988 an ƙirga sama da mutum 650,000 masu shi a Najeriya, kuma da damina yake kwantar da mutane, daidai lokacin noma. Babban abin da ya kashe shi shi ne tace ruwan tafki da ƙyalle kafin a sha, da hana mai kurkunu tsoma ƙafa cikin ruwan da ake ɗiba, da haƙa rijiyoyi. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon sun yi ta yawon ƙauyuka kan wannan aiki. Na ƙarshe a ƙasar an gan shi a 2008, a 2013 anka ba Najeriya shaidar rabuwa da shi.

Sauro da ruwan sha

Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma garuruwan fadamar gulbin Rima da na Sakkwato ba sa rabo da shi. Gidan sauro mai magani ana rabawa kyauta, matsalar ita ce ɗaurawa, wani ya ce zafi, wani ya kai shi lambu ya rufe yabanya. Tun wajen 2015 ake bi gida-gida da damina ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 ƙwayar rigakafi sau ɗaya a wata, kamar daga Yuli zuwa Oktoba. Mai rabo ke ba da na ranar farko, na kwana biyun da sunka rage uwa ake bar ma, to nan ne ake yawan samun saki. Allurar maleriya ta fara a Disamba 2024 a jihohin Kebbi da Bayelsa.

Amai da gudawa na 2021 ya kama sama da mutum 100,000 a ƙasar, ya kashe sama da 3,000, Sakkwato na cikin jihohin da abin ya taɓa sosai. Rigakafinshi tafasa ruwa, rufe abinci, wanke hannu da sabulu bayan an fito bayi, da barin kashi a fili. In gudawa ta fara ana haɗa lita 1 na ruwa mai tsafta da suga cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokali, a yi ta sha kafin a isa asibiti.

Zafi da sankarau

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, ga busasshiyar iska da ƙura, lokacin sankarau ke nan. Annobar 1996 ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, ta 2017 da ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina ta kashe sama da 1,000. Ana son a rage cunkoso a ɗaki, a buɗe tagogi, a yi allura, kuma wanda ya ji zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya kar ya tsaya kemis. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga nau'i biyar na sankarau.

Mata da yara

Nan ne shawarar mutum guda, wato maigida, ke yanke wa mutum goma hukunci, don mace da yawa ba za ta je awon ciki ko ta kai yaro allura ba sai da izini da kuɗin mashin. Tsarin allurar shi ne ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, sai wata 15, kuma kyauta ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna wajen kashi 5 cikin 100 kacal na yaran jihar Sakkwato ne sunka samu duka allurai na tilas, ita ce ta ƙarshe a ƙasar lokacin, abin ba daɗin faɗi. A wani ɓangaren kuma jihar ce ta riga kowa a 2013 wajen raba maganin shafa wa cibiyar jariri da ƙwayar tsai da jini bayan haihuwa har cikin gida.

Cutar noma, mai zaizaye kunci da leɓen yara masu shekara 2 zuwa 6, daga dasashi take farawa, kuma tamowa da ƙyanda da rashin wanke baki ne ke buɗe mata ƙofa. Akwai asibitinta na musamman cikin garin Sakkwato tun 1999. In an lura da kumburin dasashi da warin baki da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta ya isa.

Hawan jini, suga, sikila

Hawan jini ba ya sallama, awo kaɗai ke nuna shi, daga 140 bisa 90 zuwa sama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kar ya kai giram 5 a yini, da na cikin dunƙule ake lissafi, sai motsa jiki minti 150 a sati. Manomi ya wuce haka nesa, ɗan kasuwa mai zaman shago da ma'aikacin ofis ne abin ya shafa. Gwajin jini kafin aure shi ke nuna mai ɗauke da gadon sikila ko da bai da ciwon, wato AS, in AS ya auri AS kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai sikila.

Inda ake saɓani

Ɗigon shan inna ya gamu da ƙauracewa a wasu jihohin Arewa a 2003 kan zargin yana hana haihuwa, gwaje-gwaje ba su tabbatar da zargin ba, anka koma a 2004. Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya ja sarakuna cikin aikin daga wajen 2009, a watan Agusta 2020 anka ayyana Afirka ta rabu da asalin cutar, ko da yake wani nau'inta na ɓullowa jefi-jefi. Wasu iyaye na cewa me ya sa ɗigo kyauta har gida amma maganin zazzaɓi sai da kuɗi.

Wankan jego da kunun kanwa, tsofaffi na ganin su tsari ne daga sanyi, likitoci tun binciken Zariya na shekarun 1970 suna danganta su da ciwon zuciyar masu jego, wasu bincike na baya kuma sun ce ba su kaɗai ba ne dalili. Cire beli likitoci sun hana saboda zubar jini da aska guda a kan yara da yawa, wanzamai na ci gaba da yi musamman a ƙauye.