Ma'anar Kalma: Zaman Jin Ra'ayin Jama'a Kan Ƙudirin Doka

Kusan kullum sai ta fito a labarai: ƙudirin kaza ya tsallake karatu na biyu, majalisar dokokin jiha ta miƙa shi ga kwamiti domin ya shirya zaman jin ra'ayin jama'a. Mai karanta labarai ya wuce, mai sauraro ma ya wuce. Alhali a duk tafiyar da ƙudiri ke yi har ya zama doka, wannan ne kaɗai zangon da aka keɓe domin wanda ba ɗan majalisa ba ya shiga, ya zauna, ya faɗi abin da ke ransa, a kuma rubuta.

Sai mu fara da ƙudirin kansa, don kalmar na rikita mutane. Kafofin watsa labarai na amfani da ita a kan abubuwa biyu. Akwai ƙudirin da ɗan majalisa ke miƙewa ya gabatar, a yi kira ga gwamnati ta gyara wata hanya ko ta binciki wani lamari. Wannan kira ne kawai, gwamna na iya jin sa ya share. Akwai kuma ƙudirin doka, wato daftarin da idan ya kammala zagayensa aka sa masa hannu, zai hau kan kowa, har a ci mutum tara ko a ɗaure shi saboda shi. A kan wannan na biyun muke magana.

Karatu na ɗaya gabatarwa ce, ana ambaton sunan ƙudirin ne kurum. A karatu na biyu ake muhawara kan manufarsa: ana buƙatarsa ko ba a buƙata? Idan ya tsallake, sai kakakin majalisa ya tura shi ga kwamitin da abin ya shafa, na ilimi ne, na lafiya, na ƙasa da safiyo ko na kuɗi. A hannun kwamitin nan ne ake bin sa sashe-sashe, a soke wannan, a ƙara wancan, kuma a nan ne ake gayyatar jama'a. Wasu na cewa zaman sauraron ra'ayoyin jama'a, wasu jin bahasin jama'a, duk abu ɗaya ne.

Yadda aka saba, kwamiti kan fitar da sanarwar rana da wuri, ya nemi duk mai magana ya aiko da ita a rubuce ga akawun kwamitin. Ranar zama, sai a ba wakilan ma'aikatu dama, da ƙungiyoyin sana'a, da malamai, da lauyoyi, da ɗaiɗaikun mutane. Lokacin kowa kaɗan ne. A majalisun jihohin Amurka da dama minti biyu ko uku ake ba mutum, agogo na gabansa. Ba a jefa ƙuri'a tsakanin mahalarta, kuma kwamiti ba ya cikin tilas ya ɗauki abin da mafi yawansu suka ce. Abin da ke kansa shi ne ya saurara, ya koma ya rubuta rahoto, ya kai wa zauren majalisa tare da gyare-gyaren da ya ga sun dace.

To me ya sa nake dagewa a kan majalisar jiha? Saboda idon mutane na kan tarayya, alhali dokokin da ke shiga musu gida yawanci daga jiha suke fitowa: haya da filaye, makarantu, kasuwanni, zirga-zirgar ababen hawa, wasu haraji, tsarin ƙananan hukumomi. Sannan majalisar jiha ƙarama ce, ana iya kai wa gare ta. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 91, ya ƙayyade cewa mambobinta ba za su gaza 24 ba, ba za su wuce 40 ba. Kwamiti a irin wannan majalisa mutane ne 'yan ƙalilan, waɗanda za a iya sanin sunayensu da mazaɓunsu a zama ɗaya. Gamsar da uku ko huɗu daga cikinsu na iya sauya sashen da zai shafi miliyoyin mutane.

Ƙarfin wannan zama ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A jihar New Hampshire ta Amurka, mai wakilai 400 a majalisarta ta wakilai, kowane ƙudiri sai an yi masa zaman jin ra'ayi. Nebraska, jiha ɗaya tilo a ƙasar mai majalisa guda maimakon biyu, ita ma kusan kowane ƙudiri sai ya bi ta gaban jama'a, har mutanen jihar kan ce su ne majalisa ta biyu. A Najeriya kuwa tsarin mulki bai wajabta zaman ba. Sashe na 101 ya bar wa kowace majalisar jiha ta tsara yadda za ta gudanar da aikinta, don haka abin ya rataya ne a kan dokokin zaman majalisar da kuma niyyar shugabanninta. Shi ya sa ake iya ganin ƙudirin da ya fito daga ofishin gwamna ya yi karatu uku cikin kwana ɗaya ko biyu, kafin mutane su ji labarinsa an gama. Wannan abu na ci mini tuwo a ƙwarya. Dokar da za ta zauna shekaru tana juya rayuwar mutane ba ta cancanci gaggawar da ko sayen akuya ba a yi da ita ba.

Wasu ƙasashe sun ɗauki matakin toshe wannan kafa. A 2016 masu zaɓe a jihar Kalifoniya ta Amurka suka amince da ƙa'idar cewa sai ƙudiri ya yi awa 72 a intanet, a sigarsa ta ƙarshe, kafin a yi masa ƙuri'ar ƙarshe. A Afirka ta Kudu kuma, a 2006, kotun tsarin mulki ta soke wasu dokoki biyu da suka shafi lafiya, dalilinta shi ne majalisar da ke wakiltar larduna ba ta ba jama'a damar da ta dace su tofa albarkacin bakinsu ba. Kotun ba ta ce abin da dokokin suka ƙunsa ne ba daidai ba. Hanyar da aka bi aka yi su ce ta gaza.

Akwai wata kalma da ke tafiya tare da wannan, wato kamun ƙafa. A bakinmu tana da ɗan wari, don takan tuna wa mutum neman alfarma ta bayan gida. A harkar majalisa ma'anarta ita ce a je wurin ɗan majalisa a yi ƙoƙarin shawo kansa a kan ƙudiri. Kamfanoni na biyan ƙwararru su yi musu wannan aiki, kuma a jihohin Amurka doka ta tilasta wa irin waɗannan ƙwararru su yi rajista. Amma uwar da ta rubuta wa wakilin mazaɓarta takarda, ko 'yan kasuwar da suka haɗu suka je ofishinsa, su ma kamun ƙafar suke yi, kuma haƙƙinsu ne. Inda abin ke ɓaci shi ne idan kuɗi ko kyauta suka shiga tsakani. Nan ya tashi daga kamun ƙafa ya koma cin hanci.

Misalin da ya fi nuna amfanin bibiyar majalisun jihohi shi ne na rage shekarun tsayawa takara a Najeriya. Gyaran tsarin mulki ba ya tabbata sai kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi sun amince, wato 24 cikin 36. Bayan majalisar tarayya ta gama nata, matasan da ke fafutukar ba su koma gida ba, suka bi jihohi ɗaya bayan ɗaya har aka samu adadin. Ranar 31 ga Mayu, 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu: shekarun takarar shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Haka ma dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, sai da kowace jiha ta yi tata kafin su yi aiki a cikinta. A can aka yi ta fafatawa, masu goyon baya da masu ganin wasu sassa sun saɓa wa addini ko al'ada, kuma jihohi da yawa sun fitar da nasu da gyare-gyare. Ƙofar ɗaya ce ga mai so da mai ƙi.

Wanda zai halarta, abin da ya fi yi masa amfani shi ne ya nemi kwafin ƙudirin ya karanta, ko ya sa a karanta masa. "Ba mu yarda ba" ba ta ba kwamiti abin riƙewa. Amma idan mutum ya ce sashe kaza ya ba da wa'adin kwana bakwai, ga dalilin da ya sa bakwai ba za su isa ba, ga abin da ya faru da ni, muna neman a mayar da shi talatin, to ya miƙa musu abin da za su iya ɗauka su sa a rahoto yadda yake. A bar takarda a hannun akawu, a karɓi shaidar an miƙa. Takarda ɗaya da mutum ya rubuta da kalmominsa ta fi ɗari masu jimla iri ɗaya nauyi, don 'yan majalisa sun san yadda ake haɗa irin waɗancan.

Ban ce zaman ba shi da aibu ba. Sau da yawa sanarwa kan fito a ƙurarren lokaci, a yi taron a babban birnin jiha da tsakar ranar aiki, daftarin kuma da Turancin lauyoyi, ba fassara. Waɗanda dokar za ta fi taɓawa su ne suka fi wahalar zuwa. Wani lokaci ma an riga an gama shawara, zaman cika ƙa'ida ne. Duk da haka abin da aka faɗa ya shiga rubutu, 'yan jarida sun ji, kuma ɗan majalisa ba zai iya cewa ba a gaya masa ba ranar da ya dawo neman ƙuri'a.

Bayan zaman, aiki bai ƙare ba. Rahoton kwamiti zai koma zaure, a bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku, a aika wa gwamna. Sashe na 100 na tsarin mulkin Najeriya ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, idan kuma ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar na iya sake zartar da shi ya zama doka ba tare da shi ba. Kwanakin nan talatin su ne dama ta ƙarshe ga masu ƙorafi. Da zarar an sa hannu, surutu ya zama ihu bayan hari, sai dai a tafi kotu ko a nemi wani ɗan majalisa ya kawo ƙudirin gyara. Masu son ƙudirin kuwa, abin tsoronsu shiru ne: kwamiti na iya ajiye shi a durowa ba rahoto, har wa'adin majalisar na shekara huɗu ya cika, sabuwar majalisa ta zo a sake farawa daga karatu na ɗaya.