Fashin Aiki Ba da Izini Ba a Dokar Najeriya

Fashin aiki ba da izini ba shi ne ma'aikaci ya ƙi zuwa bakin aikinsa, bai nemi izini ba, kuma ba shi da uzurin da doka ko yarjejeniyar aiki ta yarda da shi. A Najeriya hukuncinsa ya danganta da wanda ake yi wa aikin: kamfani ne, gwamnati ce, ko rundunar soja.

Dokar Ƙwadago ba ta ƙayyade yawan kwanakin da za a yi fashi kafin a kori mutum ba. Wannan yana cikin takardar ɗaukar aiki ko kundin ƙa'idojin ma'aikata. Abin da dokar ta fayyace shi ne rashin zuwan da ba laifi ba ne. Sashe na 16 ya ba ma'aikaci har kwana 12 na jinya a shekara da albashinsa, muddin likita mai rajista ya ba da shaida. Sashe na 18 ya ba da hutun shekara na aƙalla kwana 6 bayan wata 12 ana aiki, sashe na 54 kuma ya ba mai juna biyu mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta. Wanda ya kwanta ciwo a gida, ya sha magani daga kemis, ya dawo hannu rabbana, sashe na 16 ba zai cece shi ba, ko da ciwon gaskiya ne. Dokar kuma ba ta shafi manajoji da ƙwararru ba. Su yarjejeniyarsu ce madogara.

Abu na farko da kan taɓu shi ne albashi. Mai aiki na iya ƙin biyan ranakun da ba a yi aiki ba, amma sashe na 5 ya hana shi cin tarar ma'aikaci daga albashinsa. A nan masu ƙananan kamfanoni ke yawan yin kuskure: a zaftare kuɗin mako guda saboda fashin kwana ɗaya, a ce horo ne. Yajin aiki kuwa dokarsa daban. Sashe na 43 na Dokar Rikicin Ƙwadago ya tanadi "ba aiki, ba albashi", kuma da shi gwamnatin tarayya ta riƙe albashin malaman jami'o'i a yajin ASUU na wata takwas a 2022.

Akwai bambanci tsakanin sallama da kora. Sallama tana bukatar sanarwa bisa sashe na 11 na Dokar Ƙwadago, gwargwadon daɗewar mutum a aiki: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako guda ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako biyu ga wanda bai kai shekara 5 ba, wata guda daga nan sama. Kora saboda babban laifi ba ta bukatar sanarwa, sai dai dole a ji ta bakin mutum. A ba shi takardar tuhuma mai ɗauke da ranakun da ya yi fashi, a ba shi wa'adin amsawa a rubuce, sannan kwamitin ladabtarwa ya zauna. Idan ya ɓace gaba ɗaya, ana aika takardar zuwa adireshin da ke fayil ɗinsa, a ajiye shaidar aikawa tare da rajistar sa hannun zuwa aiki.

Ƙa'idojin Aikin Gwamnatin Tarayya sun sa fashi ba da izini ba cikin manyan laifuffuka, kuma nauyin kawo hujja yana wuyan ma'aikacin. Wanda aka kora yana rasa haƙƙoƙin barin aiki, ban da abin da ya taru a asusunsa na fansho. Sai dai a nan tsallake mataki ɗaya na ladabtarwa kan rusa korar baki ɗaya. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba hurumin irin waɗannan ƙararraki a sashe na 254C, takan mayar da ma'aikacin gwamnati bakin aikinsa da dukkan albashin da ya biyo, ko da fashin ya tabbata. Ma'aikacin kamfani kuwa galibi diyya kawai yake samu.

A wurin soja lamarin ya fi ƙarfin ladabtarwar ofis: laifi ne a Dokar Rundunonin Soja, kotun soja na iya yin shari'arsa, kuma yana iya kai mutum gidan yari.