Mene ne ma'aunin sulalewa a jirgin gilaida mai inji?

Duk wanda ya taɓa ɗaga kai da hantsi a wajen mahautar Maradi ya ga shirwa tana kewaya sama ba ta ko kaɗa fiffike. Iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa ce ke ɗauke da ita. Gilaida jirgi ne da aka ƙera don irin wannan shawagi. Mai inji kuwa shi ne wanda aka ɗora wa ƙaramin inji da farfela, ya tashi da kansa, in ya yi sama matuƙi ya kashe inji ya bar fiffike da aiki.

Abin da masu wannan harka ke fara tambaya game da jirgi shi ne ma'aunin sulalewarsa, wato in an kashe inji kuma iska na kwance, mita nawa zai ci gaba kafin ya sauko mita 1. Ƙaramin jirgin nan Cessna 172 yana yin kusan 9. Stemme S10 na Jamus, mai faɗin fiffike mita 23, yana kai 50. A ce duka biyun suna tsayin kilomita 1 a saman Maradi: na farko da ƙyar zai bar bayan gari, na biyu kuwa sai ya wuce Madarunfa bai ƙona ko ɗigon mai ba. Akwai ma wani gilaida mai suna Eta, da ya fara tashi a shekarar 2000, fiffikensa ya kusa mita 31, yana kai wajen 70.

Abin da ke cinye wannan lamba shi ne tirjiyar iska. Wanda ya hau kabu-kabu da babbar riga ya san ta: rigar ta cika ta kumbura, tana ja da baya, in direba ya ƙara wuta jan ya ƙaru. In gudu ya ninka biyu, irin wannan tirjiya ninki huɗu take yi. Akwai kuma wata da ba a gani, a bakin fiffike, inda iskar da ke ƙarƙashinsa ke zagayowa sama tana murɗewa kamar 'yar guguwa. Ita ce ta sa ake yin fiffiken gilaida dogo siriri, ake kuma lanƙwasa bakinsa sama, dabarar da Richard Whitcomb na hukumar NASA ta Amurka ya inganta a shekarun 1970.

Farfela ita ce babbar rigar gilaida mai inji. Da zarar ta tsaya ta zama kaya. Wasu jiragen suna juya ruwanta ya ba iska gefe kamar wuƙa, wasu suna mayar da injin gaba ɗaya cikin gangar jiki, Stemme kuwa naɗe ta yake ta shige hanci a rufe.

Wani abin mamaki: nauyi ba ya rage ma'aunin, gudun da ake samunsa kawai yake ƙarawa. Shi ya sa 'yan gasa ke cika fiffike da ruwa ranar da iska mai zafi ke da ƙarfi.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne gyaran da ba ya cin kuɗi. Ana liƙe tsagar da ke tsakanin fiffike da gangar jiki da salatif, a goge fiffike sumul kafin a tashi, domin iska ta bi shi a kwance ba hargitsi. Ƙwarin da suka mutu a goshin fiffike kaɗai sun isa su ɓata wannan, har wasu jiragen na da 'yar na'ura mai siririyar waya da ke kankare su ana cikin tafiya. A nan wajenmu, da ƙurar hunturu da ƙwarin damina, mai irin wannan jirgi ba zai rabu da tsumma da bokitin ruwa ba.