Yadda dokar Tailan ke tura sabbin likitoci ƙauye

A Tailan in ka gama karatun likita a jami'ar gwamnati, ba za ka ɗau kwalinka ka wuce asibitin kuɗi kai tsaye ba, sai ka yi wa gwamnati aikin shekara 3 tukuna, kuma yawanci a karkara. Tun 1968 aka fara sa ɗalibai su sa hannu a wannan yarjejeniya, rukunin farko suka fita aiki a 1972. Abin da ya jawo haka, a shekarun 1960 likitocinsu sun yi ta tsiyayewa zuwa Amurka, 'yan waɗanda suka rage kuma suka cunkushe a Bangkok, manomi can a arewa maso gabas sai ya yi tafiyar wuni kafin ya ga mai duba shi.

Rabon wuraren ma abin kallo ne. Kowa ya faɗi jihar da yake so, in masu so sun fi gurbin da ake da shi yawa sai a yi ƙuri'a a gaban kowa, wanda ya ci ya yi murna wanda ya faɗi ya koma neman abin da ya saura. Shekarar farko a babban asibitin jiha ake yin ta don hannu ya faɗa, sauran biyun sai asibitin gunduma, irin mai gado 30 ɗin nan, inda yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai zai tsinci kansa shi ne mai karɓar haihuwa, shi ne mai ɗinkin wanda ya faɗi a babur, wani lokacin ma har shugabancin asibitin a kansa.

To in ka ƙi fa? Tara ce, baht 400,000 (baht shi ne kuɗin Tailan). Da can kuɗi ne masu nauyi, amma da asibitocin kuɗi suka bunƙasa daga ƙarshen shekarun 1980 sai tarar ta zama ba a bakin komai ba, mutum ya biya kawai ya tafi abinsa, albashin 'yan watanni ya mayar masa. Gwamnati ta ƙara alawus na zaman karkara da wani na daban ga wanda ya yarda ba zai buɗe kilinik nasa ba, duk da haka da yawa ranar da shekara 3 ta cika ranar suke haɗa jaka.

Ni a ganina inda suka yi dabara shi ne 1994, lokacin da suka kawo shirin da ake kira CPIRD. Maimakon a jira ɗan birni ya gama karatu a tura shi inda bai san kowa ba, sai a je karkarar a ɗebo yaran da suka tashi a can, su yi shekara 3 na farko a jami'a, 3 na ƙarshe kuma a manyan asibitocin ma'aikatar lafiya da ke yankunansu, in sun gama a mayar da su jiharsu. Wanda uwarsa ke nan kusa kuma yana jin karin harshen mutanen ai ba sai an ɗaure shi da igiya ba. A 2005 suka ƙara da shirin likita ɗaya kowace gunduma, shi kam a lokacin gwamnati ke ɗaukar nauyin karatun, amma sharaɗin ya fi tsauri, shekara 12 za ka yi, in ka karya tarar baht miliyan 2 ce.

Wasu za su tuna da ƙudurin da Ganiyu Johnson ya kai majalisar wakilan Najeriya a 2023, wanda ya ce sai likita ya yi shekara 5 a ƙasa kafin a ba shi cikakken lasisi, ƙungiyar likitoci ta NMA ta ce ba ta yarda ba. Ba iri ɗaya ba ne fa. Wancan hana fita waje ya sa a gaba, ko a Legas ko Abuja ka yi shekarun ka cika sharaɗi, na Tailan kuwa tun ranar shiga makaranta ka san abin da ka sa wa hannu da kuɗin da za ka biya in ka fasa.