Waiwaye: yadda sabar kamfani ta zama 'yar aiken masu kutse

Duk sanda aka sanar da sabon rauni na SSRF, wato yaudarar saba (kwamfutar da manhaja ke aiki a kanta) ta aika buƙata a madadin mai kutse, a manhajojin da kamfanoni ke biyan albashi ko lissafin kaya da su, sai gardama ta kaure: laifin masu rubuta manhaja ne, ko na waɗanda suka yi jinkirin ɗora gyara? Ana magana kamar jiya abin ya fara, alhali ya daɗe.

Manhaja takan karɓi adireshin intanet daga mai amfani, ta je ta ɗauko hoto ko takarda. Mai kutse sai ya miƙa mata adireshin cikin gida, sabar ta shiga ta ɗauko masa, shingen tsaro kuma bai tare ta ba, kamar yaron gida da mai gadi ba ya tambayarsa ina za shi.

A 2012 an nuna haɗarin wannan ga manhajojin kasuwanci a Black Hat, taron masana tsaron kwamfuta. A 2019 aka danganta shi da kutsen da ya taɓa bayanan mutane sama da miliyan 100 a Amurka da Kanada, inda aka sa sabar ta tambayi 169.254.169.254, adireshin da ke raba makullan shiga na wucin gadi a gajimare, wato sabobin haya na intanet. A 2021 OWASP, ƙungiyar da ke aiki kan tsaron manhaja, ta sa shi na goma a jerinta na manyan haɗurran manhajojin yanar gizo. Waɗannan kowa na ambatonsu.

Abin da ake tsallakewa shi ne 2017. A shekarar ne Orange Tsai, mai bincike daga Taiwan, ya nuna a Black Hat cewa ɓangaren da ke tantance adireshi da ɓangaren da ke zuwa ɗauko abu ba sa karanta shi iri ɗaya. Ya rubuta adireshi guda mai ɗauke da alamomin @ da #, kayan aiki uku na harshen Python suka karanta shi, kowanne ya nufi wani wuri dabam. Ke nan mai tantancewa ya ga wuri amintacce ya bari a wuce, mai ɗaukowa kuwa ya zarce cikin gida. Ko 127.0.0.1 ma, adireshin da kwamfuta ke nufin kanta da shi, ana iya rubuta shi 2130706433, kuma wuri ɗaya ne. Tun daga ranar ya kamata a daina dogara da jerin adireshin da aka haramta, amma har yau shi ake fara ɗorawa, don shi ne mai sauƙi. Wannan yana damuna ƙwarai, domin bayanan albashin ma'aikata ne ke bayan wannan shinge.

Abin da ke aiki shi ne a ƙayyade wuraren da sabar za ta iya zuwa, a toshe saura a matakin hanyar sadarwa. A hana ta bin adireshin da ke tura ta wani adireshin, a duba lambar da sunan adireshin ya koma kafin a haɗa, kuma da wannan lambar da aka duba za a haɗa. Ayyukan cikin gida su ma su riƙa neman shaida daga duk mai tambaya, ko da daga ciki ya fito.